Leda ta toshe mana kwalbati: me za mu canza a gidajenmu?

Sadiku: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ya muka ji da ruwan daren jiya? Mu dai a layinmu sai hamdala, ruwa ya shigo har tsakar gida, ƙarfe biyun dare muna kwalfa da bokiti. Da gari ya waye muka tone kwalbatin bakin masallaci. Wallahi na zaci yashi ne ya toshe ta, ashe leda ce zalla: ta fiya wata, baƙar leda, gorunan lemo, har da famfas. Buhu 11 muka cika, yanzu haka suna jingine a bakin titi, ba mu san inda za mu kai su ba. Bara ma haka muka yi, bana ga shi mun maimaita. Ni dai na gaji da yasar kwata. Don Allah duk wanda ya gwada wani abu a gidansa ko a wajen sana'arsa da ya rage masa leda, ya faɗa mana. Wanda aka gwada nake so, ba wanda aka gani a bidiyo ba.

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Sannunku da aiki Sadiku, Allah ya ba da lada. Ni abu ɗaya na fara da shi, kuma ya tsaya min: jakar cefane. Tsohon buhun shinkafa na kai wa tela ya yanke shi biyu ya sa masa hannu. Da ita ake zuwa 'Yankaba, da ita ake zuwa bakin titi. A da yaro zai dawo da tumatir a leda, attaruhu a leda, albasa a leda, sannan a haɗa su a wata babbar. Yanzu a juye a jaka kawai. Sai dai fa sai na rataye ta a jikin ƙofar fita, in ba haka ba mantawa ake yi.

Alhaji Mai Tireda: Ku bari in faɗi nawa tun kafin a fara zagin masu shago. Leda da kuɗina nake sayenta, kyauta nake bayarwa, kuma kullum tsada take ƙarawa. Ba wanda ya kai ni son a daina. Amma ka hana mutum leda ka ga yadda zai kalle ka, gobe ya koma shagon gaba. Wani ma ashana kwali ɗaya zai saya ya ce a sa masa a leda. Wani ya ce a ninka masa biyu.

Maman Iman: Alhaji ai kai ma kana da laifi, tun kafin mutum ya buɗe baki ka riga ka zaro ta 😄

Alhaji Mai Tireda: Hajiya akwai abin da ba ki lura da shi ba. Baƙar leda sutura ce. Magidanci ya zo ya sayi garin kwaki gwangwani biyu da ƙuli-ƙuli, zai wuce ta gaban majalisa, ba ya so kowa ya san abin da gidansa za su kwana a kai. Mace ta aiko a sayo mata audugar al'ada, a hannu za a riƙo? Duk shawarar da ba ta san da wannan ba, ba za ta yi nisa a unguwa ba.

Sadiku: Kai, wannan gaskiya ne, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Tela Nura: To ai jakar yadi ta fi baƙar leda rufa asiri, don ita ba ta nuna siffar abin da ke ciki, kuma ba ta fashewa a tsakiyar titi ta tona maka. Ni ƙyallayen atamfa da shadda buhu-buhu nake tarawa, bayan sallah har rasa yadda zan yi da su nake, ƙarshenta a bola suke ƙarewa. In ana so zan sa yarana su ɗinka ƙanana masu zariya, wadda za ta shiga aljihun riga in an naɗe. Kuɗin zare kawai za a biya. Su ma yaran sun samu abin koyon miƙe ɗinki.

Alhaji Mai Tireda: Ɗinko min 20 in gwada. Zan ba wa waɗanda suke sayayya kullum, in ce duk wanda ya dawo da ita sau goma yana da magi na kyauta. Amma ƙulle-ƙulle fa ba yadda zan yi da shi. Sukarin hamsin, man gyaɗan ɗari, omon wanki ɗaya. Wanda yake samu kullum ya ci kullum ba zai sayi galan ba.

Baba Malam: Salamu alaikum 'ya'yana. Ina ta karantawa ina murmushi. Alhaji, ƙulle-ƙullen nan da kake cewa ba makawa, mu da muka taso talaucinmu ya fi na yanzu, kuma ba leda. In an aike ka sayen mai, da kwalba kake tafiya. Koko da kwano. Fura a ƙwarya, a rufe da faifai. Gishiri da barkono a takarda. Goro a ganyen fita yake zuwa tun daga kurmi, a yayyafa masa ruwa ya yi watanni bai bushe ba. Mata su je unguwa da kayansu a ɗaure a ɗankwali, maza da sanho ko burgami. Kowane gida akwai kwalbar mai da kwalbar kananzir, an san su, ba a haɗa su. Ba wata dabara ba ce sabuwa kuke nema, abin da aka yar ne za ku koma ku ɗauko.

Ummi: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma a yi mana afuwa, lokacinku ruwan sha fa? Don rabin abin da su Yaya Sadiku suka kwaso ledar fiya wata ce.

Baba Malam: Randa da moɗa, 'yata. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, kurkunu da gudawa sun ci mutane a lokacin. Wannan kam ban ce a koma ba.

Anti Nas: Yawwa Baba, na ji daɗi da ka faɗa da bakinka. Don Allah kar wani ya ji an ce a rage leda ya koma ba wa yara ruwan 'yan garuwa kai tsaye, musamman yanzu da damina, lokacin amai da gudawa. Mutane ba don gayu suka koma fiya wata ba, famfo ne babu. Wanda zai rage, ga yadda muke yi a gidanmu: a tace ruwan da farin ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi sosai har ya yi ta ɓararraka, ya huce, a zuba a randa ko bokiti mai murfi da kan famfo. In gawayi ya yi tsada, akwai maganin kulorin na ruwan sha a kemis, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30 kafin a sha. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, kar a rikita su. Kuma a daina tsoma kofi da hannu a cikin randa, a nan ake ɓata ruwan bayan an gama wahala.

Ummi: Ku yi lissafi ku gani. Jakar fiya wata guda 20 ce a ciki. Gidan da yake shan jaka biyu a rana leda 40 ke nan, a wata 1,200. Gida ɗaya fa. Layinmu gida nawa ne? Ni da na fara tafiya makaranta da gorata ta ƙarfe, ƙawayena har tsokanata suke yi wai 'yar firamare, yanzu uku a cikinsu sun saya.

Injiniya: Wanda yake da hali ya koma babbar gorar dispensa, wadda ake mayarwa a karɓo cikakkiya. Ba dole sai da injin ba, akwai ɗan famfon da ake ɗaura mata a ka. Wanda kuma ba zai iya rabuwa da fiya wata ba, to ya yi abu ɗaya: a rataye buhu a kusa da inda ake ajiye ruwan, duk wanda ya sha ya matse ledar ya jefa a ciki. Kar ta haɗu da ragowar tuwo da toka. Busasshiyar leda mai tsabta kaya ce, jiƙaƙƙiya mai miya shara ce.

Ɗan Jari: Injiniya ka shigo gonata. Ni wannan ce sana'ata shekara tara. Mutane suna ganin mu kamar masu yawon bola kawai, har a dinga yi mana kallon ɓarayi saboda halin wasu, amma abin da muke ɗaukewa daga unguwa ba ƙarami ba ne. Ga yadda abin yake a wajenmu. Roba mai tauri, wato fasasshen bokiti, baho, kujera, jarka, buta, ita ce mai daraja, a sikeli ake awonta, a kai wa masu injin niƙa, a wanke a narka a sake yin wani kayan. Da yawa daga robobin da kuke gani a Ƙofar Wambai haka aka yi su. Gwangwanin lemo ya fi ta kuɗi. Gorar ruwa ana saye, mai murfi lafiyayya ma masu zoɓo da kunun aya suna karɓa da ɗai-ɗai. Ledar fiya wata ana saye, amma ba ta da nauyi, sai ka tara buhu-buhu kafin ta zama wani abu, shi ya sa yaro ba zai sunkuya ya tsince ta a titi ba. Baƙar leda da famfas da farar robar tekawe mai kama da soso kuwa, ko kyauta ba mai karɓa.

Sadiku: To buhu 11 ɗin nan namu fa?

Ɗan Jari: Wanda ya fito daga kwata? Sai dai in zo in tsinci gorunan da robobi masu tauri. Sauran ya riga ya lalace. Da a ce tun daga gida aka ware ta, da ni zan biya ku. Yanzu ku za ku biya mai kura ya kwashe.

Anti Nas: Tunda an taɓo gorunan zoɓo, masu sana'ar don Allah a wanke da ruwan zafi-zafi da sabulu, har cikin murfin. Kuma a san inda aka samo su. Gorar da aka tsinto a bakin asibiti ko wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki, ba wankin da zai sa ta dace da abin sha.

Injiniya: Ƙarin bayani kan maganar Ɗan Jari: ku juya gindin roba za ku ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da lemo. Lamba 2 jarka da galan. Lamba 5 bokiti, kujera da robobin abinci masu ƙwari. Lamba 4 ledoji masu laushi. Lamba 3 ita ce ta bututun ruwa, lamba 6 kuma farar tekawe ɗin nan. Ba a narka su tare, shi ya sa warewa take da muhimmanci. Lamba 6 ɗin ce gwamnatin Legas ta haramta a watan Janairun 2024, saboda ita ce take cika musu magudanan ruwa.

Maman Iman: Ai kuwa tekawe ita ce bala'in biki. Bikin ƙanwata da aka yi, washegari sai da muka share layi gaba ɗaya, kunya kamar in nutse. Da aka zo sunan jikar yayata sai na ce a gwada haya: faranti da cokula daga masu hayar kujeru, shinkafa a manyan kuloli, zoɓo a babbar kula mai famfo da kofunan silba. 'Yan mata uku muka ba wa kuɗin wanke-wanke. Da muka yi lissafi kuɗin bai kai na tekawe da gorunan lemo ba.

Hajiya Babba: Maman Iman kin manta halinmu ne? Mace ta zo biki ba don ta ci a nan ba, don ta ƙunsa ta kai wa yara ne. Kowacce da ledarta a jaka tun daga gida 😂 In kika ba ta faranti, juyewa za ta yi a leda ta miƙo miki farantinki.

Maman Iman: Haka aka yi kuwa Hajiya, ban isa in musa ba! Amma ko ba komai leda ɗaya ta tafi da ita, ba tekawe da cokalin roba da gora da wata ledar a kai ba. Kuma maimakon rabon bokitin roba da kofin da zai fashe a sati, ƙananan kwanukan silba masu murfi muka raba. Yanzu in ana taro a dangi da su ake zuwa.

Hajiya Babba: Wannan dabara ce. Ni nawa gyaran a alala ne. Na koma gwangwanin madara da na tumatir kamar yadda iyayenmu suke yi, a shafa mai a ciki, a jera a tukunya. Ta fi tashi, ta fi kyan gani a faranti. Tuwo ma na daina naɗewa a leda, a malmala da mara a jera a kula, ba abin da yake samunsa har dare. Surukata ta ce wahala, na ce wanke gwangwani goma ne wahala?

Anti Nas: Hajiya Allah ya saka da alheri. Wannan shi ne wanda na fi so a ɗauka a duk hirar nan. Zafi da maiƙo su ne suke sa sinadaran da ke jikin leda su fi saurin fita su shiga abinci. To dubi abin da muke yi: koko mai tururi a leda, shayi a leda, miya a leda, alala kuwa a dafa ta a cikin ledar ma gaba ɗaya. A aiki yaro da kofi mai murfi wajen mai koko, ba wani abu ba ne. Na biyu, masu hura gawayi da leda, don girman Allah a bari. Hayaƙin nan mai guba ne, kuma mace ce take sunkuye a kansa da goyo a bayanta. Haka masu cinna wa bola wuta da magariba. Mai asma da jariri da tsoho su ne suke kwana a wahale.

Maman Iman: To da me za a hura? Kananzir ya fi ƙarfinmu.

Hajiya Babba: Ɓawon rake busasshe, totuwar masara, ɓawon gyaɗa, tsinken kara, ko ɗan tsumman auduga da kika ɗiga masa ragowar man suya. Ni totuwa nake tarawa duk kaka.

Mahauci: Ni zan yi magana a madadin dabbobi, tunda ba sa zauren. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, mu yanka saniya ko akuya mu buɗe tumbi mu tarar da leda ta dunƙule kamar ƙwallo, har da igiya da tsumma. Za ka ga dabba ciki ya kumbura amma ƙashin baya a waje, ba ta cin abinci, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa. Ledar da aka ƙulla gishiri ko dusa ko ragowar abinci ita suka fi bi, ƙanshin suke ji. Masu kiwon ragon layya a gida, ku ɗaure abinku, ku share wajen, kar a zuba masa ɓawon kayan miya tare da ledar da aka kawo shi. In an makara sai dai likitan dabbobi ya farka cikin ya ciro, ko a yanka a yi asara. Mu kuma a wajenmu, wanda ya zo sayen nama da kwanonsa mai murfi ni har gyara nake ƙara masa.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga mutanen Kano. Mu nan Nijar tun 2014 aka yi dokar hana shigowa da sayar da ledan ga marar kauri, amma ka zo bakin gari ka ga itace, kowace ƙaya da baƙar leda rataye awa tuta. Doka in babu abin da za a ba mutane a madadinta, takarda ce. Abin da mu samari muka kama shi ne renon itace. Ledar ruwan da aka sha, a yanke bakinta, a huda gindi, a cika da ƙasa da taki, a sa irin zogale ko bedi ko gawo. Ba mu sayen baƙar ledar reno ko ɗaya. Ranar dashe a tsaga ta a cire a maida buhu, kar a bizne ta tare da itacen. Gorar lemo kuma a huda murfinta da allura, a cika da ruwa a kifa ta gindin dashen, tana ɗiga sannu-sannu har kwana biyu.

Ummi: Wannan ya burge ni, don ya haɗa biyu. Bedi shi ne darbejiya ko?

Ɗan Maraɗi: Shi ne, wasu su ce dogon yaro. Amma hwa a sa mishi kariya, in ba haka ba awaki su gama da shi cikin yini guda.

Hajiya Kumasi: Ina gaishe ku daga zango. Mu abin da ya girgiza mu shi ne 3 ga Yunin 2015 a Ankara, babban birnin Ghana. Ruwa ya cika gari, magudanai sun toshe da shara, mutane suka fake a wani gidan mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Har yau ba a rabu da leda ba, amma masu waace, wato shinkafa da wake, da yawa suna nan da ganyensu, kuma mai saye da kansa yake cewa a sa masa a ganye don ya fi ƙanshi. Dokunu ma, wato tuwon masara mai tsami, a ɓawon masara ake dafa shi. Akwai kuma masu wanke ledar fiya wata su ɗinka jakunkuna da ita, ruwa ba ya ratsawa. Tela Nura gwada ka gani, jakar makarantar allo ko ta Islamiyya.

Tela Nura: Sai dai ta ci allura Hajiya, amma zan gwada da ɗinki mai faɗi.

Baba Malam: Ummi, ke da kike jami'a, ina jin ku kuna ta cewa sauyin yanayi. Me ya haɗa ledar koko da sauyin yanayi? Kar dai a ɗora wa leda laifin da ba nata ba.

Ummi: Gaskiyarka Baba, ba komai ne laifinta ba. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 madatsar Alau ce ta ɓalle, ba leda ba. Amma alaƙar ta hanya biyu ce. Ita leda daga ɗanyen mai da gas ake yin ta, tun daga haƙowa har ƙonawa hayaƙi take fitarwa mai ƙara ɗumama duniya. Ana yin roba fiye da tan miliyan 400 duk shekara, kuma wadda ake sake sarrafawa ba ta wuce kashi 9 cikin 100 ba. Ta biyu ita ce wadda ta shafe mu kai tsaye: in iska ta ƙara ɗumi tana ɗaukar ruwa da yawa, sai ya sauko da ƙarfi a lokaci ɗaya. Ruwa mai ƙarfi ya tarar da kwata a toshe, ina zai bi in ba ɗakin Yaya Sadiku ba? Ƙasashen duniya sun zauna a birnin Busan na Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024, suka sake zama a Janeba a Agustan 2025 don yarjejeniyar rage roba, duka biyun aka tashi baram-baram. In su muke jira, sai dai mu yi ta kwalfa.

Injiniya: Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017 da hukuncin da zai iya kai mutum ɗaurin shekara huɗu. Abin da ya ba ni sha'awa da Ruwanda, aikin gayyarsu ranar Asabar ɗin ƙarshen wata suke yi, daidai da ranar tsaftar muhallinmu. Bambancin, su fitowa suke yi, mu kuma barci muke ƙarawa har ƙarfe 10 a buɗe hanya.

Sadiku: Injiniya ka taɓo mu 😅 Ni ina ta tunanin bulon intalok da ake yi da leda da yashi. Ba za mu iya haɗa kuɗi mu fara ba?

Injiniya: Ana yi, kuma yana da ƙwari. Wata matashiya a Nairobi, Nzambi Matee, da shi ta samu lambar yabon hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020. Amma ita da injin take yi, mai auna zafi da matsewa. Wanda ake yi a buɗaɗɗen duro a kan itace, hayaƙin da Anti Nas ta hana ne za ku shaƙa ninki goma, ga ƙuna. Ban ba ku shawarar ku fara da shi a cikin unguwa ba. In gini kuke so, ku je Sabon Yelwa a Kaduna ku ga gidajen da aka fara ginawa a 2011 da gorunan roba cike da yashi, a jera su kwance a ɗaure da igiya a shafe da laka. Ba wuta, ba hayaƙi. Ku fara da dakalin zama a ƙofar makaranta ko zagayen bishiya, ku ga yadda hannunku zai faɗa.

Malam Habu: Ni malamin firamare ne, ku ba ni wannan ɓangaren. Mun taɓa gwada gasar tara leda tsakanin azuzuwa, sai muka ga kuskurenmu: yara suka koma tonon bola don ajinsu ya ci, wani har kwalba ta yanke shi. Muka sauya, aka ce ledar da aka sha a cikin makaranta kawai, kowane aji da buhunsa da mai kula da shi. Abin da aka sayar aka sayi alli da tsintsiya. Ba yawa, amma filin makaranta ya canza. Ɗan Maraɗi, dabarar renon nan zan kai musu wannan zangon, zogale za mu fara da shi don yana saurin fitowa, yaro ba ya haƙurin jira.

Baba Malam: Zan yi wa liman magana ya taɓo shi a huɗuba. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kowa ya san hadisin, amma mai alwala da fiya wata a ƙofar masallaci zai yar da ledar a inda ya tsuguna. A sa buhu biyu a wajen alwala, ladan ya dinga lura. Kuma kafin ku fito aikin gayya ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli ku je ku gaida mai unguwa ku sanar da shi, kar ya ji a bakin mutane.

Sadiku: In sha Allahu Baba, gobe bayan la'asar za mu je ni da Malam Habu. Zan kuma shiga ofishin masu kwashe shara in ji ko za a samu mota, don in muka bar abin da muka yaso a bakin kwata, ruwa ɗaya zai mayar da shi. Bara haka ta faru. Wa yake da shebur da manjagara? Muna da baro ɗaya.

Alhaji Mai Tireda: Akwai shebur biyu a shago. Buhunan sukari da na fulawa ma ku zo ku ɗiba, na ratayewa a gidaje da masallaci.

Anti Nas: Safar hannu mai kauri da takalmin ruwa, ba silifa ba. Akwai allurai da fasassun kwalabe a kwatar nan. Wanda ya yanke ya zo a duba shi a yi masa allurar tetanus, kar ya ɗaure da tsumma ya ce ba komai. Kuma ban da ƙananan yara a cikin kwata.

Ɗan Jari: Zan zo da kura da sikeli ƙarfe 8. Amma buhunan gida sai sun yi wata guda ana tarawa kafin su isa awo, kar wani ya kira ni bayan kwana uku. A taka gorunan su lotse, sun fi shiga buhu.

Hajiya Babba: Ni zan aiko muku da kunun tsamiya a kula. Kowa ya zo da kofinsa, ba zan ƙulla wa kowa a leda ba.

Maman Iman: Hajiya kafin ki tafi, alalar gwangwanin nan, ruwan tukunyar ya kai ina? Na gwada sau ɗaya ruwa ya shige ciki ta zama kunu.

Hajiya Babba: Rabin gwangwanin kawai, kuma ki jera kara ko murfin tukunya a ƙasa kafin ki ɗora su. Kar ki cika su fal, ki bar wajen tashi.